Daɓen da Aka Yi wa Inji

A unguwar Chaza ta Suleja ba kowa ne yake son Tanimu Mai Tayil ya kawo masa ziyara ba. Ba shi da gulma, ba shi da kwaɗayi, gaisuwarsa kuma har ƙasa. Idonsa ne matsalar. Kana yi masa sannu da zuwa yana kallon daɓen ɗakinka, kafin a kawo masa ruwa ya riga ya gano inda mai aikinka ya cuce ka. Ba zai ce maka komai ba, sai dai ya shafa wurin da tafin ƙafa, ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya zo ta'aziyya. An taɓa yin wani suna a Lambata, lemo ya suɓuce daga tire ya gangara tun daga tsakiyar falo har bakin ƙofa. Kowa ya bi lemon da dariya, ban da Tanimu, wanda ya matsa kusa da uban jariri ya tambaye shi wane marar tsoron Allah ne ya yi masa wannan aiki.

Mutumin Zariya ne. Ya baro gida yana saurayi, lokacin da Abuja take haɗiye duk wanda ya iya riƙe cokalin gini. Ya koyi sa tayil a hannun wasu 'yan Togo, ya kama haya a Suleja kamar kowa, don Abuja tana son aikin talaka amma ba ta son kwanansa. Ba yunwa ce ta koro shi daga gida ba, shagon yayansa ne. Alhaji Ghali shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, ya yi masa duk abin da uba zai yi, sai dai mutum ne da in ya ba ka kujera sai ya nuna maka yadda ake zama a kanta. Tanimu yana ƙaunarsa, kuma ƙaunar ta fi daɗi in akwai tafiyar rabin yini a tsakaninsu.

Sama da shekara talatin ya yi a durƙushe a falukan manya. Bai yarda da idon injiniya ba, bai yarda da rantsuwar magini ba. Abu ɗaya ya yarda da shi, lebur ɗinsa: doguwar sandar alminiyam mai 'yar kwalba a tsakiya, da ruwa kore, da ƙwayar iska guda a ciki. In ƙwayar ta tsaya tsakanin layuka biyu, wuri ya kwanta. In ta kauce, ko gidan waye sai an fasa an sake.

Sai gwiwoyi suka gaji. Likita ya ɗaga hoton ƙashi, ya ce guringuntsin ya cinye, in kuma ya ci gaba da durƙuso, nan gaba kaɗan banɗaki ma sai an kai shi. Labari ya isa Zariya kafin Tanimu ya gama cire takalmi, domin matarsa Muhsina ba ta iya riƙe damuwa ita kaɗai ba. Da la'asar Alhaji Ghali ya kira.

"Mun zauna da 'yan'uwa, mun gama magana. Bayan Babbar Sallah zan zo da mota ku tattaro ku dawo gida. Ga shago nan, ka zauna kana miƙo sabulu, ba mai ce maka ka durƙusa."

Tanimu bai taɓa ce wa yayansa a'a ba, bai ma san ta inda ake fara ta ba. Sai ya ji bakinsa yana cewa, "Ai Yaya na sami wata sana'ar. Ta zaune ce."

"Wace iri?"

"Ta inji."

"To. In na zo na ga sana'a, na bar ka. In na ga wasan yara, ku shiga mota."

A lokacin Tanimu ba shi da inji, gani kawai ya taɓa yi. Akwai wani mai gyaran waya a kasuwa, Callistus, mutumin Inugu amma haifaffen Suleja, wanda yake da wani ɗan inji a bayan shagonsa. Injin yana jan zaren roba daga wani babban naɗi, ya narkar da shi a wani baki mai tsini, ya riƙa zana shi a kan faranti mai zafi, sahu kan sahu, har abu ya tashi. Tanimu ya taɓa tsayawa ya ga yana fitar da maɓallin murhun gas, ya ce a ransa ai wannan magini ne, ba ya dai zuwa cin abinci. Ga shi Callistus zai koma Legas yana neman mai saye.

Dabarar Tanimu ba ta banza ba ce. Masu tayil na yanzu ba sa aiki sai da 'yan kuros da 'yan maƙalai na roba da ake cusawa tsakanin tayil don layi ya miƙe, kai ya zo ɗaya. Shi duk rayuwarsa kayan ragwaye yake kiransu. Yanzu da ya zauna ya yi tunani, sai ya ga ragwaye ai babbar kasuwa ce.

Ranar da ya je ɗauka, Callistus ya ba shi ɗan katin da siffofin kayan suke ciki, ya nuna masa inda ake dannawa. Sannan ya yago takarda ya ce, "Oga Tanimu, saura abu ɗaya. Kafin ka fara, farantin nan sai ka saita shi. Za ka samu takarda kamar wannan..."

Tanimu ya ɗaga masa hannu.

"Callistus, kai waya ka sani, ni kuwa ban taɓa koya maka waya ba. In maganar wuri ya kwanta daidai ce, ka bar ni."

"Oga, abeg, ka tsaya ka gani."

"Da takarda? Ka riƙe takardarka ka ƙunshe ƙosai."

Aka ɗora inji a Keke Napep, aka bi hanyar Chaza da shi, kowane rami yana gaisawa da shi. A gida Tanimu ya ɗora shi kan tebur, ya leƙa ƙarƙashin farantin ya ga maɓallai huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, waɗanda in ka murɗa kusurwar ta hau ko ta sauka. Ya yi murmushi. Ya ɗora lebur, ya murɗa nan, ya murɗa can, har ƙwayar iska ta zauna daram a tsakiya. Ya yi bisimilla ya danna.

Ta hagu bakin injin ya riƙa kartar farantin yana ƙas-ƙas, robar ta kasa fitowa. Ta dama kuwa zaren a iska yake faɗowa, bai kama komai ba, sai ya nannaɗe kamar taliya, bakin ya kwashe shi ya yi ta yawo da shi. Da aka gama, abin da ya fito ya fi kama da soson wanke-wanke. Muhsina ta ɗauka ta jujjuya, ta tambaya ko irinsa za a nuna wa Yaya.

Tanimu bai ruɗe ba. A sana'arsa an san cewa in sama ta ɓaci, laifin na ƙasa ne. Ya sauke inji ya auna tebur, ya tarar da karkata. Ya kira kafinta aka datse ƙafa ɗaya, sai ta yi gajarta, aka datse sauran don su tarar da ita. Kafin a rabu teburin ya koma na cin tuwo a zaune. Aka sake gwadawa, taliya ta sake fitowa.

Daga nan ya sauko da lebur ƙasa. Daɓen siminti ne tsoho, wanda ya daɗe yana ci masa rai, ya dai haƙura don gidan haya ne. Ƙwayar iska ta ruga gefe kamar an kore ta. Daga bango zuwa ƙofa akwai gangaren da ya kai kaurin yatsa biyu. Tanimu ya miƙe yana jijjiga kai, ya ce ai dole, wane inji ne zai yi aikin kirki a kan tudu?

Ya tafi wurin mai gidan hayar, Madam Hilda, tsohuwar malamar asibiti wadda ko ƙusa ba ta yarda a buga mata a bango. Ya fara da cewa yana neman izini ya fasa daɓen ɗakinsa ya sa tayil, da kayansa, da hannunsa. Bai kai ƙarshen magana ba ta ce Allah ya yi masa albarka, ta kuma tambaya ko yana bukatar aron diga.

Muhsina ce ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, injin nan don kada ka durƙusa aka saye shi."

"Wannan ai ba aiki ba ne, gyara ne."

"Gwiwar ta san bambanci?"

Ya yi kunnen uwar shegu da ita. Ya kwaso ragowar tayil da ya tara shekara da shekaru a bayan ɗaki, ya ɗaure tsummokara a gwiwa, ya ja igiya, ya kwaɓa siminti. Gaskiyar da bai faɗa wa kowa ba ita ce daɗi yake ji. Tun ranar da likita ya yi magana bai ji shi mutum ba sai yanzu. Muhsina tana kan kekenta na ɗinki a baranda tana jin ƙarar gudumar roba, tana jin yana 'yar waƙa, can kuma ta ji nishi in zai tashi. Haushi da tausayi suka haɗu suka hana ta zare allura daidai.

Daɓe ya fito irin wanda ko a Maitama bai taɓa yin kamarsa ba. In ka zuba ruwa a tsakiya, nan zai tsaya yana tunanin inda za shi. Madam Hilda ta riƙa kawo sauran 'yan haya kallo, har da mutanen cocinsu. Ta ja Tanimu gefe ta ce, "Oga Tanimu, idan injin bai ji daɗin wannan ɗaki ba, kada ka ji kunya, ka gwada falona."

Aka mayar da tebur, aka mayar da inji, aka ɗora lebur a faranti, ƙwaya ta zauna a tsakiya. Ya danna. Hagu ta karta, dama ta yi taliya, babu abin da ya canza ko ƙanƙani.

Sallah ta zo ta wuce. Gwiwoyin Tanimu suka kumbura kamar gwanda, sallar Idi ma a kujera ya yi ta. Alhaji Ghali ya kira ya ce ranar Asabar yana tafe. Ranar da ya kira, Tanimu bai iya cin abinci ba. Ya hango kansa a shagon Zariya, da furfurarsa, ana gaya masa ba haka ake jera sabulu ba. Ya hango Muhsina tana sallamar matan da ta shekara ashirin tana yi wa ɗinki. Tsoro ya kama shi sosai, tsoron kuma bai kawo masa wata sabuwar dabara ba sai tsohuwar. Washegari da safe Muhsina ta same shi a waje da sandar dogarawa, ya manna lebur a jikin bango yana duban harsashin gidan.

"Malam, in ka taɓa harsashin gidan nan, ni zan riga Yaya shiga mota. Zo ka ga wani abu."

Ta kai shi baranda ta nuna masa kekenta. Barandar gangare ce don ruwan sama, ƙafar keken ɗaya kuma da tsohon silifa aka tokare ta.

"Auna."

Ya auna. Ƙwayar ta ɓace gaba ɗaya.

"Ka taɓa ganin na yi karkataccen ɗinki? Keke ba ruwansa da ƙasa. Tsakanin allura da farantinta ne maganar take. Ni ban san injinka ba, amma ranar da kuka dawo kai da bakinka ka ce yaron nan ya so ya nuna maka wani abu da takarda."

"Ni ba zan kira mai gyaran waya ya koya min kwantar da wuri ba."

"Ba kai za ka kira ba."

Ta kira Callistus, ta buɗe muryar wayar, ta ajiye ta kusa da inji. Tanimu ya zauna ya juya wa wayar ƙeya. Da Callistus ya ji labarin tebur da daɓe, sai aka ji hayaniyar Legas a bayansa, da wani abu mai kama da mutum yana danne dariya.

"Madam, abeg ki ce wa Oga ya ɗauke wannan lebur. Injin bai san ƙasa ba, bai san sama ba. Abin da ya sani shi ne tsakanin bakinsa da faranti. Hannun da yake ɗauke da bakin, dama can bai kwanta daidai ba, jijjigar Keke Napep kuma ta ƙara masa. Faranti shi zai bi hannun."

Tanimu ya ce wa bango, "Ki gaya masa ni ban taɓa jin an gyara karkata da karkata ba."

"Ya ji ka, Malam, wayar a buɗe take."

"Ki dai gaya masa."

Haka aka yi aikin, Callistus yana faɗa, Muhsina tana maimaitawa, Tanimu yana karɓa daga bakinta kamar bai ji na farko ba. A kunna faranti ya yi zafi tukuna, don ƙarfe yana motsi in ya ji wuta. A goge shi, kada a bar maiƙon yatsa. A kawo bakin kusurwa ɗaya, a zura takarda tsakaninsa da faranti, a riƙa murɗa maɓalli ana jan takardar. In ta wuce salin-alin, akwai nisa. In ta maƙale, an matse. Ana so ta wuce tana ɗan gogawa kaɗan. A yi wa kowace kusurwa, a sake zagayowa, don in ka taɓa ɗaya ka taɓa sauran.

Muhsina ta yago takarda daga littafin makarantar yara. Tanimu ya karɓa da yatsa biyu kamar an miƙo masa ƙazanta. A kusurwa ta farko yana gunaguni. A ta biyu ya daina. Wannan ɗan gogawar ya san ta, ita ce yake ji a tafin yatsa in ya shafa mahaɗar tayil biyu. Kafin ya zagayo ya daina kallo ma, ya lumshe ido yana jan takarda yana murɗawa.

Ya danna. Bakin ya sauko ya ja layi, layin ya kwanta ya kama. Ya ja na biyu a jikinsa, ba rami, ba tudu, daga hagu har dama, shimfiɗar farko ta fito sumul kamar an goge ta. Callistus yana ta tambaya daga Legas ko suna nan.

Da injin ya gama, Tanimu ya kasa haƙuri. Ya ɗauko lebur ya ɗora a faranti. Ƙwayar iska ta sulale gefe ta zauna can abinta. Hannunsa ya kama hanyar maɓalli da kansa, Muhsina ta buge shi da tef ɗin awo.

Ranar Asabar da hantsi a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Alhaji Ghali ya shigo da babbar rigarsa, ya ƙi zama, ya tsaya a kan inji hannu a baya. Ga kwando cike da 'yan kuros da maƙalai, ga wani mai tayil, Tunde, ya zo karɓar na biyu yana cewa na farkon sun yi. Alhaji ya daɗe yana kallon bakin yana kai da kawowa. Ya ɗauki maƙali ɗaya ya gwada karya shi, bai karye ba. Tanimu ya fara jin numfashinsa yana dawowa.

Sai Alhaji ya dubi ƙasa. Ba mai tayil ba ne, amma ba makaho ba ne.

"Wannan daɓen sabo ne. Wa ya yi?"

Tanimu ya dubi Muhsina, Muhsina ta dubi rufi. Madam Hilda, wadda ta shigo gaida baƙo, ta ga dama ta samu ta yabi ɗan hayarta.

"Shi da kansa, Alhaji. A gwiwa, tun safe har yamma, ko yaro bai ɗauka ba."

"Ɗaga wandonka," in ji Alhaji.

Tanimu, mutum mai jikoki, ya ɗaga wando kamar ɗan firamare. Alhaji ya dubi gwiwoyin, sai a lokacin ya nemi wuri ya zauna. Da ya yi magana muryarsa ba irin ta waya ba ce.

"Kai kana zaton mai miƙo sabulu na rasa? 'Ya'yana faɗa suke yi a kan kujerar shagon nan. Na ɗauke ka a kafaɗa kana yaro, Tanimu. Ba na so in sake ɗaukarka da furfura."

Tanimu ya sunkuyar da kai. Duk shekarun nan bai taɓa kawo wa ransa cewa tsoro ne yake sa yayansa faɗa ba.

"Sana'a dai na gani, kuma na yi alkawari. Ka zauna a Sulejarka. Amma motar nan ba za ta koma wofi ba."

Ya kira direba. Aka fito da jakar aiki, cokali da gudumar roba da igiya, aka fito da injin yankan tayil, har tsummokaran gwiwa Alhaji ya ce a haɗa. Madam Hilda ta bi su tana cewa, "Alhaji, to falona fa?" Babu wanda ya kula ta. Da aka gama sai ya rage lebur, wanda Tanimu ya riƙe a bayansa.

"Yaya, wannan ai a tsaye ma ana..."

"Kawo."

Ya miƙa. Alhaji bai jefa shi baya cikin kaya ba, ya shiga gaba da shi, ya riƙe shi a tsakanin ƙafafunsa, kan lebur ɗin ya leƙo ta taga. Tanimu ya dogara sandarsa a ƙofar gida yana kallo har motar ta sha kwana. Ya ci nasara, yana nan a Suleja, ga shi kuma hawaye ya ƙi tsayawa, bai ma yi ƙoƙarin ɓoye wa Muhsina ba.

Ta ɗauko masa kujera ta ajiye kusa da inji, ta cusa sabon zare, ta koma kan kekenta. Tanimu ya zauna, ya danna, ya miƙe ƙafafunsa a kan daɓen da ya fi kowanne kyau a Chaza, wanda daga shi bai ƙara yin wani ba.